Na Karanta wa Surukina Hanya

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar surukina, mahaifin matata Bilkisu, wanda mutanenmu na Bronx suka fi sani da Alhaji Mai Gareji. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abokansa sukan tsaya bayan sallar Juma'a a yi masa addu'a, kowa ya faɗi abin da ya tuna. Wannan ya ce shi ya koya masa tuƙi a kan ƙanƙara da ya zo ƙasar nan, wancan ya ce a garejinsa ya sha fakewa kafin ya sami ɗaki. Ni kuwa in raɓe can baya kusa da takalma ina ta amin. Ba wai ba ni da abin faɗi ba ne. Nawa ne ba ya faɗuwa a gaban mutane, sai dai a takarda, inda ba mai kallon fuskata.

Ni Bakano ne, kuma a gidan da aka rene ni, in ka hango suruki ya biyo wannan layi, sai ka bi wancan. Na zo New York da wannan tarbiyya, ban bar ta a filin jirgi ba. In na je gaishe su a unguwar Morrisania, tun daga bakin ƙofa nake durƙusawa, har wata tsohuwar maƙwabciyarsu ta taɓa tsayawa za ta taya ni neman makullin da ta zaci na yar. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi da gangan ba. Shi ma yana da tasa kunyar, don Bilkisu ce 'yarsa ta fari. Bai taɓa ce mini Nasiru ba, Malam kawai yake cewa. Mun fi shekara goma a haka, hirarmu ba ta wuce ina kwana da yaya iyali, kuma kowannenmu yana ganin zaman ya yi daidai.

Abin da ban sani ba shi ne, tun yana yaron gareji a Kano ya taɓa ganin motocin tsere sun wuce da lambobi a jikin ƙofofinsu, abin ya zauna masa a zuciya. Ya yi tuƙin tasi a garin nan har bayansa ya gaji, ya buɗe gareji, ya aurar da 'ya'ya, abin nan yana nan bai motsa ba. Sai wani mai kawo masa gyara ya ba shi labarin wata ƙungiya ta masu sha'awa, ba ƙwararru ba, da ke rufe ƙananan hanyoyin kwalta a can cikin duwatsun arewacin jihar New York, a yi gasa a ƙarshen mako. Ba a jera motoci a sake su tare. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, agogo ne alƙali. Kuma kowace mota mutum biyu ne a ciki, mai tuƙi da mai karanta masa hanya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Alhaji ya sayi wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu ya shigar da ita lungun gareji, ya shafe lokacin sanyi guda a kanta. Ya fitar da kujeru da darduma da duk wani abu mai nauyi, ya bar ta kwanon ƙarfe. Ya walda mata bututun ƙarfe a ciki kamar keji, don ko ta kife kada rufi ya danne mutum. Ya sa kujeru biyu masu rungume jiki, da bel mai kama kafaɗu da ƙugu, da tukunyar kashe wuta a ƙasan ƙafa. Birki kuwa ya sake shi kaf, har man da ke cikinsa, don a cewarsa kowane wawa ya iya sa mota ta gudu, tsayar da ita ne aikin manya. Bai bar kansa ba shi ma. Ya daina sukari a shayi, ya riƙa taka titin Grand Concourse da ƙafa bayan asuba, mutumin da ko shagon bakin layi a mota yake zuwa. Da ya je neman takardar likita da ƙungiyar ke buƙata, likitan ya duba idonsa ya ce bana zai sa hannu, amma baɗi bai yi alkawari ba. Ya haura sittin a lokacin. Kowa a gidan ya gane cewa dama ɗaya ce, in ta wuce ta wuce.

Wanda aka shirya zai karanta hanya shi ne amininsa Alhaji Dauda, mutumin Kumasi. Sai aka gano da zarar ya sunkuya kan takarda mota na tafiya, cikinsa yake juyawa. An gwada citta, an gwada lemon tsami, ba abin da ya hana. Allah bai ba surukina ɗa namiji ba. Sai ga saƙo ta bakin Bilkisu, kamar yadda ya kamata saƙon suruki ya zo: wai Baba ya ce direbobi suna yabon muryata. Aikina ke nan, ni ne mai rarraba wa direbobin tasi aiki ta rediyo a wani ofis, yini nake ina ce wa manya-manyan mutane su yi dama su yi hagu, wanda ya yi gardama in ɗaga masa murya. Na kwana biyu ina juya maganar. Suruki ba a ce masa a'a. Amma kuma suruki ba a zama kafaɗa da kafaɗa da shi ana ba shi umarni.

Ga wanda bai san aikin ba, abin da ake yi shi ne, ana gobe gasa sai ku bi hanyar a hankali, ka rubuta kowace kwana da kowane tudu, ka ba kwana lamba gwargwadon tsananinta. Ranar gasa direba ba ya ganin abin da ke bayan tudu, muryarka ce idonsa. Dama uku, hagu biyu, tudu, birki. Dole maganar ta zo a gajarce, kuma ta riga kwanar isowa. In ka makara da daƙiƙa ɗaya, a daji za ku ƙarasa zancen.

Ƙungiyar ba ta barin sabon shiga ya fito sai ya ci gwaji, a wani tsohon filin jirgi da aka jera wa robobin alama. A ranar na fara sanin abin da ake kira kunya. Kujerun a matse suke, gwiwar hannunsa tana taɓa tawa. Hular kwanon da muka sa tana da na'urar magana, numfashinsa yana cikin kunnena. Na rasa yadda ake ɗaure bel ɗin, sai ya zagayo ya durƙusa a bakin ƙofa ya ɗaure mini da hannunsa. Surukina durƙushe a gabana, jama'a. Na so ƙasa ta tsage in shige. Aka ɗaga mana tuta, muka tashi, kwanar farko ta taho, ni kuwa na buɗe baki na ce, "Baba, Allah ya ƙara lafiya, ina ganin da za a ɗan rage, don kamar akwai wata kwana a gaba ta hannun..." Kafin in kai ga dama mun share robobin nan gaba ɗaya, muna tsaye a cikin ciyawa muna kallon inda muka fito.

Mai koyarwar wata Baturiya ce mai furfura. Ba ta jin Hausa, amma ta saurare mu ta rediyo, ta tambaye ni ko huɗuba nake yi masa. Ta ce a haka ba za ta sa mana hannu ba, sai dai ta ba mu wata rana mu sake gwadawa, in mun faɗi shi ke nan. Muka komo Bronx. Da muka isa gareji ya aika aka sayo shinkafa da wake a shagon 'yan Ghana, aka juye a kwano ɗaya, ya ajiye a kan bencin aiki tsakaninmu.

"Malam, bisimilla."

"Na ƙoshi, Baba."

"Wanda ba zai iya cin abinci a gabana ba, ba zai iya ce mini in tsaya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sa hannu."

Na sa hannu. Ban san ɗanɗanon abincin nan ba har yau, bango nake kallo ina haɗiya. Daga nan kowace Lahadi sai mu shiga motar tana ɗage a kan jak, shi ya rufe ido yana juya sitiyari, ni ina karantawa. Ya riƙa aske mini magana kamar wanzami. Allah ya ƙara lafiya ta tafi, ina ganin ta tafi, da za a ɗan ta tafi. Baba ce kaɗai na ƙi saki, a kanta na kafe. Baba, dama uku. Baba, hagu biyu. Ya bar mini ita, kuma da ita muka ci gwajin.

Ranar gasa gari ya waye da sanyi, ganyayen bishiyoyi sun yi ja sun fara zuba. Masu bincike suka bi motar ciki da bai, suka ja bel, suka ƙwanƙwasa ƙarafa, suka duba hulunanmu, ba su sami abin cewa ba. Hajiya, surukata, ta zo da Bilkisu da fulas-fulas na shayi, suka tsaya bayan igiya. Alhaji Dauda, don kada a ce bai yi komai ba, ya ɗaura wata 'yar kyamara a jikin kejin ta bayanmu. Da a ce na san abin da za ta jawo mini, da na jefar da ita a kwata. Zagayen safe ya tafi lafiya. Na ga wani mutum da ban taɓa sani ba a cikin rigar surukina. Hannunsa ba ya rawa, ƙafarsa tana yawo tsakanin totur da birki kamar mai ɗinki a keke, kuma duk kwanar da ta fita da kyau sai in ji ya yi wata 'yar dariya a kunnena.

Bayan azahar muka shiga wani yanki mai gangara. A takardata akwai tudu, bayansa kwana mai tsanani ta hagu, da katangar dutse, ƙarƙashinta rafi. Na ce, "Baba, tudu, birki, hagu ɗaya." Bai ɗaga ƙafa ba. Daɗin gudu ya ɗauke shi, kuma tun safe yake jin Baba, Baba, har kalmar ta zama ɗaya da ƙarar injin. Na sake cewa, "Baba, birki." Bai taka ba. Tudun ya taso ya cika gilashi. Ban san lokacin da sunansa ya fita daga bakina ba, sunansa na yanka, tsirara, ba Alhaji ba Malam, da muryar da nake yi wa direba mai taurin kai, har da ƙarin, "Taka birki, kai!" Ya taka. Motar ta zame, bayanta ya goge damin ciyawar da aka jingina a katangar, muka fita. Jikina duk ya yi sanyi, kuma wallahi ba rafin ne ya sa ba. Shi kuwa abin da ya ce kawai shi ne, "Ci gaba da karatu." Mun gama gasar can kusa da ƙarshen jeri, amma mun gama, da motarmu da ƙasusuwanmu.

Magana zarar bunu ce. Alhaji Dauda ya tura wa mutum ɗaya hoton bidiyon nan, wai don a ga tuƙin amininsa. Kafin mako ya zagayo ya shiga wayar kowa, daga Bronx har Flatbush, daga nan ya haye teku. Ba wanda ya kalli tuƙi, wurin sunan kowa yake maimaitawa. A ofis, duk wanda na ba aiki sai in ji wani ya shigo layi yana cewa taka birki, kai. Ƙanin mahaifina ya kira ni daga Kano, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce abin da Amurka ta koya mini ke nan. Na yi ta bayanin katanga da rafi, ya ce ko wuta ce a gaba ai akwai Alhaji, akwai Baba, akwai Ranka ya daɗe. A can cikin raina kuwa tare nake da shi. Daga ranar durƙusona ya ƙara ƙasa. Surukina ya koma Malam ɗinsa, ni na koma kallon darduma, bai taɓa ɗaga maganar ba. Addu'ata ɗaya ce a lokacin, Allah ya sa Hajiya ba ta gani ba.

Yau kuma ga inda muke. Kwanan baya 'yata Ummi, wadda take jami'a, ta kawo yaron da yake neman ta, ɗan Hausawa haihuwar nan. Ya shigo ya miƙo mini hannu yana tsaye ƙyam, ya kira ni Mista Nasiru, aka kawo abinci ya zauna kusa da ni ya cinye har ya nemi ƙari. Da ya tafi na yi ƙorafi, Ummi ta amsa mini da Turanci, kamar yadda suka saba, wai ai suna ne kawai, don a kira shi aka raɗa shi. Har ta tuna mini cewa ni ma akwai bidiyona. Wanda aka kama da hannu a miya ba ya wa'azin azumi.

Nakan tambayi kaina abin da Alhaji zai ce da ya ga wannan zamani. Wani zai zaci zai goyi bayan yaran, tunda shi ne ya tilasta mini cin abinci a gabansa. Ni ban zaci haka ba. Kwano ɗaya muka ci, don aiki, kuma da aikin ya ƙare bai sake tayi ba, ni ma ban sa rai ba. In kiɗa ya sauya rawa takan sauya, amma shi ya san lokacin da kiɗan ya koma na da. Kuma na daɗe ina tunanin abin da ya sa ƙafarsa ta sauka a kan birki a ranar. Ba ƙarfin muryata ba ne, don injin ya fi ni ƙara. Sunan ne, da bai taɓa jin sa a bakina ba. Da kullum nake kiransa a kan shayi da burodi, da ya wuce ta kunnensa kamar yadda Baba ta wuce. Ina so in gaya wa Ummi haka, sai dai ban san yadda ake faɗinsa da Turanci ba, ita kuma a Hausa rabi take kamawa.

Likita bai sa hannu ba da shekara ta zagayo, kamar yadda ya faɗa. Alhaji ya lulluɓe motar da tamfol, ya ci gaba da gyaran motocin mutane. Bayan shekara biyu ya faɗi a gareji, ɓarin jikinsa ya shanye, aka kai shi asibiti a nan Bronx. Wata rana bayan la'asar likitoci suka ce a tara iyali. A ɗakin akwai Hajiya, da Bilkisu da ƙannenta, da limaminmu, da Alhaji Dauda. Ni ina waje a bakin ƙofa, inda ya dace da ni. Ina jiyo liman yana kiran Alhaji, Alhaji, yana maimaita masa kalmar shahada a hankali. Ina jiyo 'ya'yan suna Baba, Baba, cikin kuka. Idonsa a buɗe yake, yana yawo a rufin ɗaki, leɓensa bai motsa ba.

Sai ƙofa ta buɗe, Hajiya ta fito. Matar nan tun da na auri 'yarta ba ta taɓa duban fuskata ba, maganarmu ba ta wuce lafiya lau. Ta tsaya a gabana ta dube ni sosai.

"Malam Nasiru, shigo. Kira shi yadda ka kira shi a motar nan."

Ashe ta gani. Ashe duk shekarun nan ta sani, tana amsa gaisuwata kamar ba komai. Amma ba lokacin tsayawa ba ne. Na shiga, aka matsa mini, na durƙusa na kai bakina kunnensa. A gaban matarsa da 'ya'yansa da liman na kira sunansa. Idonsa ya daina yawo. Na karanta masa kalmar gaɓa-gaɓa, a gajarce, ina ba shi tazara, shi kuma yana bi da harshensa mai nauyi, har muka kai ƙarshe. Kafin magariba ya cika.

Garejin yanzu ya zama wurin wankin kaya. Motar an sayar wa wasu 'yan ƙungiyar, na ji an ce har yanzu tana fita gasa da wani fenti. Bai bar kofi ko lambar yabo ba, kuma tsofaffin da suka san hannunsa a kan injin suna ta raguwa. Abin da ya rage mini shi ne na san mutumin da ya haura sittin bai ji kunyar zama sabon shiga ba, ya damƙa ransa a muryar wanda ko ido ba ya iya haɗawa da shi, kuma da aka yi masa abin da ba a yi wa suruki, ya rufe shi ruf bai bar ni na gani a fuskarsa ba. Liman ya sha gaya mini cewa abin da na yi a asibiti lada ne, in daina sunkuyar da kai. Na yarda da liman. Amma har gobe in na tuna sai in ji kamar a yanzu ne, kuma in na je gaida Hajiya darduma nake kallo. Allah ya sa kalmar da ya cika da ita ta zame masa fitila, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa mu a inda ba rabuwa.

Masu jaridar da za su buga wannan rubutu sun ce in rubuta cikakken sunansa a sama, don masu karatu su san wanda za su yi wa addu'a. Na ɗauki biro na daɗe ina riƙe da shi, na ajiye. Ku yi wa Alhaji Mai Gareji, Allah ya san shi. Sau biyu na kira sunan nan a duniya, duka biyun ya amsa mini. Ba zan kira na uku ba alhali na san ba mai amsawa.